Na Kai Mata Barewa Toshi

Masu karatu, ina gaishe ku, musamman waɗanda suka rubuto cewa mai furfura a gemu bai kamata ya riƙa ba da labarin soyayya a salula ba. Na ji, na gode. Amma ba gemun ke rubutun ba, yatsa ne, shi kuwa har yau baƙi ƙirin yake.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: sunana Alkasum, baduku ne ni, ina ɗinkin takalma a tsohon gari nan Agadas, cikin wata rumfa da in na miƙe ƙafa sai mai wucewa ya tsallake ta. Shekaruna arba'in da takwas in an bi takarda. Matata ta rasu da jimawa, Allah Ya ji ƙanta. Tun daga nan nake cin abinci gidan yayata Suwaiba, kowace loma da wa'azinta.

"Alka, akushin nan ya gaji da kai."

"Yaya, akushi ba ya magana."

"Ni ya aiko. Ya ce ka yi aure."

Nafisa kuwa, takalminta na fara sani kafin fuskarta. Wata safiya aka ajiye mini shi a gaba, duwatsun Ayar sun cinye shi kamar kura ta tauna ta tofar. Na ce a raina mai wannan takalmi ko makiyayi ne ko wanda aljanu ke kora. Da na ɗaga kai sai ga mace doguwa, da tabarau, da mayafi ruwan toka, da jaka goye a baya kamar ɗan lakkwal mai zuwa boko.

Ta yi karatu a Yamai, ta ƙaro a Dakar. Lokotoro ake ce mata, wato likita, amma ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Aikinta barewa. Tana shiga daji da mota kat-kat ita da abokan aikinta, tana tsintar kashin barewa da ɗan tsinke tana zubawa cikin ƴan kwalabe. Wallahi ban ƙara gishiri ba. Daga nan a aika ɗakin bincike, a karanta abin da suke kira ADN, wato rubutun da Allah Ya yi cikin jikin kowace halitta, mai nuna wane ɗan wane ne.

Na taɓa tambayarta, "To in kin san kakan barewa, sai me?"

Ta ce, "Malam Alkasum, da can barewar gabas da ta yamma suna haɗuwa, suna auratayya. Yanzu hanyoyin motocin masu neman zinariya sun yanyanka dajin, ga mafarauta. Kowane garke ya maƙale a kwarinsa, ɗan wa na auren ƴar ƙane, bana haka, baɗi haka, har jini ya yi rauni, cuta guda ta zo ta share su. So nake in gano garken da suka rabu tun kafin a makara."

Da na kai wa Yaya wannan bayani, ta ce, "Mu tun kaka da kakanni auren gida muke, me ya same mu?" Ta dube ni daga rawani har ƙafa, ta daɗe tana dubawa. "To. Wataƙila da gaskiyar yarinyar."

Gyaran takalmi ya zama hira, hira ta koma salula. Ni in rubuta layi goma da yatsa ɗaya, har da karin magana. Ita ta amsa da "D'accord," wato "to" da Faransanci. Watanni na yi ina rayuwa a kan d'accord, kuma ban rame ba. Sai ran nan saƙo ya shigo mai ɗan tsawo:

"Inna ta ce ka zo gida unguwar Dagmanet ranar Asabar bayan la'asar ku gaisa. Kada ka wahalar da kanka da komai."

Duk namijin da ya taɓa neman aure ya san ma'anar "kada ka wahalar da kanka." Na garzaya gidan Yaya.

Ta ce, "Atamfa kowa na kaiwa. Turare kowa na kaiwa. Wannan ta ga Dakar, me za ka nuna mata? Me ta fi so a duniya?"

"Barewa."

Yaya ta tafa hannu. "To me kake jira? Ka manta gidan kakanmu? Barewa biyu ke yawo a tsakar gida, baƙo ya shigo ya san ya zo gidan mutane. Manyan gidajen garin nan duk haka suke a da. Mai son dabino dabino ake kai masa."

Jama'a, ku faɗi gaskiya. A wannan lokacin, ina kuskuren wannan magana? Ni dai ban gan shi ba. Har wani daɗi na ji, na ce yau ga baduku zai burge lokotoro.

Akwai wani Mamman, shofer ne mai kai kaya wajen masu haƙar zinariya, ni ke yi masa takalma. Na raɗa masa. Ya ce an gama. Ranar Juma'a ya shigo rumfata da kwalin karto a hammata. Na buɗe, sai ga idanu biyu manya, baƙaƙe, kamar an zizara musu kwalli, da kunnuwa da suka fi kan girma, da ƙafafu kamar tsinken tsintsiya. Ba ta fi ɗan akuyar da aka haifa jiya ba. Na dama mata madarar gari, na zuba sukari sosai don baƙuwa ce. Na zauna na yi mata abin wuya na jar fata, na yi masa ado da kore irin na takalmin amarya, na maƙala ƴar ƙararrawa.

Ranar Asabar na fito da shaddata ruwan sararin sama, wadda ba ta ganin rana sai Sallah. Na naɗa farin rawani sau uku kafin ya zauna. Yaya ta turara ni har sai da na yi tari. Na shimfiɗa sabon zane cikin kwando, na kwantar da baƙuwa, na jera lemun garin Timia a wani kwandon, na tsayar da adaidaita.

Ba mu kai rabin hanya ba na ji ɗumi a cinya. Madarar gari da sukari sun yi aikinsu. Mai adaidaita ya shaƙi iska, ya leƙo ta madubi.

"Baba, lafiya?"

"Tuƙa, ɗana. Ba ni ba ne."

"Ai ban ce kai ne ba, Baba."

Na ninke gefen rigar na rufe wurin, na shiga gidan surukai da tafiya irin ta wanda ya ɓoye kaza.

Inna Kadidia, mahaifiyar Nafisa, tana zaune kan darduma a inuwar rumfa, da zane baƙi mai sheƙi da awarwaron azurfa har gwiwar hannu. Na durƙusa daga nesa, na sunkuyar da kai kamar yadda ya dace, muka yi gaisuwa doguwa, muka tambayi gida da gajiya da zafi. Sannan na tura kwandon gabanta. Ta ɗaga zanen. Ƙararrawa ta yi ƙara.

Sai Inna ta rangaɗa guɗa.

Kafin in ɗaga kai, matan maƙwabta sun cika gidan, wata da ludayi a hannu, wata da kitso rabi. "Barewa! Barewa ya kawo!" "Rabon da in ga irin wannan toshi tun ina budurwa!" "Kadidia, kin yi suruki ɗan asali!" Wata tsohuwa ta ce wa jikarta ta buɗe ido ta ga yadda ake neman aure, ba irin samarin yanzu masu aiko kati na salula ba. Ni kuwa ina durƙushe, kaina na ƙara girma cikin rawani.

Labule ya motsa. Nafisa ta fito.

Ban taɓa ganinta da kwalliya ba sai ran nan. Lafaya ruwan zuma, lalle har wuyan hannu, ƴan kunne na azurfa, ba tabarau. Ta fito da murmushi, kuma murmushin nawa ne, na gan shi da idona. Sai ta kalli kwandon. Kun san yadda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar biki? To haka.

Ta durƙusa, lafaya a ƙasa. Ta ɗaga ƴar barewar, ta duba cibiyarta, ta buɗe bakinta, ta ja fatar wuyanta ta saki, ta duba ƙarƙashin wutsiya. Ta kwance abin wuyan da na ɓata yini ina yi, ta ajiye gefe.

"Malam Alkasum, ina uwarta?"

Na ce, "Uwarta?" Kamar ban san barewa na da uwa ba.

"Wannan ko sati biyu ba ta yi ba. Me ka ba ta?"

"Madara. Ta gari. Da ɗan sukari."

"C'est pas possible, wannan ba zai yiwu ba." Ta rufe ido. "Ka san yadda ake samo su? A bi uwar da mota a fili, a yi ta kora har zuciyarta ta buga ta faɗi. A yanka ta, a dawo a ɗauki ɗan. Cikin goma da ake kawowa gari, da wuya biyu su yi wata."

Inna ta ce, "Ke Nafisa! Baƙo ne fa. Mutum ya yi bajinta."

"Inna, bajintar ce matsalar. Wanda ya sayar masa yanzu ya san akwai mai saye. Gobe zai koma."

Matan suka fara zamewa. Mai ludayi ta tuna tukunyarta. Ni kuwa na miƙe don in ba da haƙuri, na manta da ninkin riga, ya warware, abin da na ɓoye tun daga adaidaita ya bayyana a gaban surukata da rabin Dagmanet. Tsohuwar nan ta ce, "Ayya, har ta saba da shi."

Nafisa ta raka ni zaure da kwandon a hannunta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Jibi zan tafi Timia aiki, ba zan iya riƙe ta ba. Kai ka ɗauko, kai za ka rena. Nonon akuya, ba sukari, kaɗan kaɗan, da bibero irin na jarirai. Ranar Litinin ka je biron gandun daji da ƙafarka ka faɗa musu tana hannunka. Ka tambayo mini daidai inda aka kama ta." Ta tsinke ƴan gashi daga bayanta ta naɗe a takarda. Ko cikin fushi ba ta manta aiki ba.

Na ce, "Maganarmu fa? Magabata..."

"A dakata. Ban ce a'a ba. So nake in san ko kai mutum ne da ya yi kuskure, ko kuwa mutum ne mai saye."

Na dawo gida da barewa. Lemun kawai suka karɓa.

Yaya ta saurari labarin har ƙarshe, ta ce, "Ni na ce ka kai, amma ban ce ka kai jaririya ba." Allah Ya ba ku yaya irin tawa.

Ranar Litinin na je biron, wato ofishin gandun daji. Wani jami'i mai gashin baki ya saurare ni, ya kalli kwando, ya kalle ni.

"Kai da kanka ka kawo kanka?"

"Aiko ni aka yi."

"Wa?"

"Lokotoro Nafisa."

Ya ce, "Ah." A cikin wannan "ah" akwai tausayi na ɗa namiji ga ɗan'uwansa. Ya yi mini faɗan da doka ta tanada, na sha abin da ya dace in sha, sannan ya ce ta zauna hannuna ƙarƙashin kulawar Lokotoro har a yaye ta, daga nan su san inda za su kai ta.

Mamman kuwa da na kira shi, da fari ya ce tsintarta ya yi a gindin ƙaya. Na ce ya ji tsoron Allah. Sannan ya faɗi sunan kwarin, ya ce ba shi ke tuƙi ba ran nan, amma ya ci naman. Na ce daga yau ya nemi wani baduku, kuma jami'in gandun daji na gaishe shi. Na tura wa Nafisa sunan wurin. Amsa ta zo: "Reçu," wato saƙo ya iso. Ko d'accord ɗin ma an janye mini.

Na sayi akuya mai shayarwa, baƙa, mai mugun hali. Na koyi tatsa ina da shekara arba'in da takwas, ta koya mini shura. Ƴar barewa kuwa ta ƙi bibero ƙememe. Na lallashe ta, na yi mata kukan akuya, na yi mata abin da nake zaton kukan barewa ne, har maƙwabcina ya leƙo ya tambaya ko a kira malami. Idanunta suka fara faɗawa. A nan ne wasa ya fita daga raina. Ba don aure kaɗai ba. Na tuna an kashe uwarta ne don baduku ya yi burga a Dagmanet.

Yaya ta shigo ta same ni zaune dirshan. Ta ce, "Ba ni nan, gwauro. Tara na yaye." Ta cusa kan barewar ƙarƙashin hammatarta, ta rufe mata ido da gefen zane, ta ɗiga mata nono a leɓe. Can sai na ji tsut, tsut, tsut. Wutsiya ta fara kaɗawa.

"Duhu take so da ɗumi, kamar ƙarƙashin uwarta," in ji Yaya. "Kai kana tsaye kanta da wannan hanci, wa zai iya cin abinci?"

Tun daga ranar nake shayarwa a hammata. Ina zuwa rumfa da ita, na yi mata wuri a baya, bayan fatun da nake ratayewa. Masu wucewa suka daina ce mini Malam Alkasum, suka koma Uwar Barewa. Kullum ina tura wa Nafisa hoto. In ta samu rezon salula a kan dutse ta amsa: "Ƙara nono kaɗan." "Kada yara su taɓa ta." Ran da na tura hoton da take tsalle, ta rubuto, "Ta yi kyau." Na kwana biyu ina nazarin ko ni ma ina ciki.

Ta dawo daga Timia ranar wata Laraba da hantsi, ta zo rumfata kai tsaye da ƙurar hanya a mayafi. Gaisuwa sama sama, ta wuce bayan fatu da ɗan ma'auninta, ta durƙusa wajen barewa. Ni ina gaba ina riƙe da basilla, ina ɗinka abin da ban sani ba.

Sai ga Alhaji Yakubu.

Alhaji Yakubu dattijo ne mai faɗa a ji, rumfar da nake ciki ma tasa ce, kuma ni ya ba aikin takalman bikin ɗansa gaba ɗaya, na ango da na abokai. Mutum ne da ba a ce masa a'a, ba don yana da faɗa ba, don dai ba a taɓa gwadawa ba. Na miƙe na ba shi buzu.

Ya ce, "Alkasum ɗana, ka tayar mana da zaune tsaye a garin nan. Hajiyata tana gidan Kadidia ran da ka kai abin arzikin nan. Yanzu dangin amaryar ɗana sun ce su ma sai da barewa cikin kaya. Gida uku na ji suna maganar. Haɗa ni da mutuminka. Biyu nake so, mace da namiji, kada a ce baduku ya fi ni."

Bayan fatu, ƙarar ma'auni ta tsaya.

Na dubi rumfata, na dubi takalman biki da na jera rabi.

"Alhaji, ka gafarce ni. Ba zan haɗa ka ba."

Ya karkata kunne kamar na yi Faransanci. "Me ka ce?"

"Ba zan iya ba, Alhaji. Wadda na saya, sai da aka kori uwarta da mota har ta faɗi. Biyu kake so, uwa biyu ke nan. In gida uku suka bi, in goma suka bi, jikokinka sai dai su ga barewa a hoto. Ni na buɗe wannan ƙofa da wautata. In ka yarda, ni zan je gidan surukan naka in durƙusa in yi musu bayani, har rigar da barewar ta ɓata zan kai su gani."

"Ni kake yi wa wa'azi? Kai da ka fara?"

"Shi ya sa, Alhaji. Wanda ya faɗa rijiya shi ya san zurfinta."

Ya miƙe, ya kakkaɓe babbar riga. "Ka kyauta. Takalman nan ka dakata da su. Rumfar ma za mu yi magana." Ya fita bai yi sallama ba.

Na zauna. Na sake ɗaukar basilla.

Fatu suka motsa, Nafisa ta fito da ita a hannu. Ta ce, "Ta ƙara nauyi sosai. Za ta rayu, in sha Allah." Ta gyara tabarau, ta kalli ƙasa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. "Ka gaya wa Yaya Suwaiba ta sayi goro. Magabatanka su zo ranar Juma'a."

Jama'a, basilla ta shige mini yatsa ban ji ba. Na buɗe baki in yi magana mai hikima, abin da ya fito shi ne, "D'accord."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Sannan ta share ido ta ce, "Sai dai ba gidanmu za su je ba. Ka san Baba ya rasu. Amininsa ya bar wa waliccina, wurinsa za a nemi aurena."

"Ba komai. Ko waye shi, zan je in gaishe shi yau ɗin nan. Wane ne?"

Ta nuna ƙofa da haɓa, inda ƙurar babbar riga ba ta gama kwantawa ba.

"Wanda ka kora yanzu."